Yanar Ruwan Daɗi a Kan Teku: Kundin Aikina

Asabar, 8 ga Fabrairu 2025

Yau Malam ya sa hannu a kan maudu'in, don haka na buɗe wannan kundi. Tambayar da zan bi gajeriya ce. Idan aka yi ruwa a tsakiyar teku, nawa gishirin fuskar ruwan yake raguwa a idon tauraron ɗan adam, kuma awa nawa ake yi kafin ya koma yadda yake? Wurin da na zaɓa shi ne Atlantika, ɓangaren da ke kusa da ikwaita.

A matsakaici, kowane kilo ɗaya na ruwan teku yana ɗauke da gishiri giram 35. A kundin nan zan riƙa kiran giram ɗaya a kilo "maki ɗaya". A tsakiyar Atlantika ta Arewa, wajen digiri 25 arewa da ikwaita, inda rana ke ƙafar da ruwa kuma hadari bai cika zuwa ba, gishirin ya haura maki 37. Ƙarƙashin ɗamarar hadarin nan da ta zagaye duniya, inda iskar arewa da ta kudu ke haɗuwa, yakan sauko ƙasa da 35. Kimanin kashi 78 cikin 100 na ruwan saman duniya a teku yake sauka, inda babu gonar kowa kuma babu mai kafa ma'auni. Shi ya sa masana suke bin gishiri kamar yadda mai kiwo ke bin sawu: inda ya ragu, ruwan daɗi ya bi ta nan.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Kwana goma ina karatun yadda ake aunawar, kuma sai yanzu abin ya zauna mini.

Tauraron ba ya haska komai a kan teku, saurare kawai yake yi. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da igiyoyin rediyo marasa ƙarfi, ruwan teku ma haka. A zangon gigahaz 1.4, wanda tsawon igiyarsa santimita 21 ne, ƙarfin abin da ruwan ke fitarwa ya dogara da gishirinsa. Ruwa mai gishiri ya fi ɗaukar lantarki, saboda haka ya fi rowar igiyar. Ruwan daɗi ya fi "haske" a idon na'urar. Bambancin kuwa ɗan mitsitsi ne: maki ɗaya na gishiri yana motsa ma'aunin hasken, wanda ake ƙirgawa da digiri kamar zafi, da kimanin rabin digiri a ruwa mai ɗumin digiri 20, ya ɗan fi haka a ruwan da ya fi ɗumi, a ruwan sanyi kuma ya ragu sosai. Ni na yi sa'a, tekun da nake kallo mai ɗumi ne. An kuma ware wannan zango ga masu nazarin sararin samaniya, doka ta hana a watsa komai a cikinsa, duk da haka akwai na'urori a ƙasa da ke kutsawa su ɓata awo.

Ga uku daga cikin taurarin da suka yi wannan aiki. SMOS na hukumar sararin samaniya ta Turai ya tashi a 2 ga Nuwamba 2009, da hannuwa uku da ƙananan eriya 69. Aquarius, haɗin gwiwar NASA da Ajantina, ya tashi a Yunin 2011 ya mutu a Yunin 2015 saboda matsalar lantarki. SMAP na NASA ya tashi a 31 ga Janairu 2015. Don auna damshin ƙasa aka ƙera shi, radarsa ma ta lalace a Yulin shekarar, amma na'urar sauraren tana nan, tana juya eriya mai faɗin mita 6 tana share hanya mai faɗin kilomita 1,000. Da SMAP zan yi aiki.

Abu ɗaya na ja wa layi biyu a littafina: igiyar daga santimita ɗaya na saman ruwa take fitowa. Abin da ke ƙasa da gaɓar yatsa, tauraron bai san da shi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Sauke bayanai. Na gishiri daga PO.DAAC, rumbun bayanan teku na NASA, na ruwan sama daga IMERG, tsarin NASA mai haɗa awon taurari, wanda ke ba da taswira duk rabin awa a murabba'ai masu faɗin kusan kilomita 11. Bayan sahur intanet ya fi gudu, sai in saki kwamfuta tana ja in je in yi asuba. Sau biyu aka ɗauke wuta ana tsakiyar fayil. Yanzu na gyara manhajar, tana tsallake abin da ta riga ta sauke.

Lahadi, 16 ga Maris

Na gaji da karanta cewa ruwan sama yana "kwanciya" a kan teku, na ce sai na gani da idona.

Na ɗauko bokitin roba mai garai-garai, na zuba ruwa lita 10, na auna gishiri giram 350 a sikelin da ƙanwata ke auna fulawa. Inna tana tsakar gida tana tace zoɓon buɗa-baki, ta ɗago ta ce, "Ke 'yar nan, gishirin miyar tawa za ki ƙarar?" Na ce, "Inna, teku nake haɗawa. Ki sam mini zoɓon kafin ki sa sukari." Ta miƙo kofi ɗaya, ta matso da kujerarta.

Na kifa ludayi a fuskar ruwan, na riƙa tsiyaya zoɓon a bayansa a hankali. Bai nutse ba. Ya bazu a sama, ja wur, kaurinsa bai kai faɗin yatsa biyu ba, ƙasansa ruwa fari tas, har ana ganin rubutun gindin bokitin. Tsakaninsu layi ne kamar an ja da zare. Inna ta leƙa ta gefe ta ce, "Ai kamar manja ne a kan miya." Na tsoma yatsa a sama na ɗanɗana wa ƙanena ƙarami da bai fara azumi ba, ya ce tsami kawai. Na zuƙo na ƙasa da sirinji, ya tofar.

Muka bar shi daga la'asar har aka sha ruwa, layin yana nan, ya ɗan dusashe kawai. Da aka kawo wuta na juyo da fanka a kansa. Fuskar ruwan ta fara rawa, jan ya riƙa sauka zare-zare, kafin a kira isha'i rabin bokitin ya zama ruwan hoda. Inna ta ce, "To, fanka ta dama miki shi."

Dalilin sananne ne: lita ɗaya ta ruwan teku ta fi ta ruwan daɗi nauyi da kimanin giram 25, don haka na daɗin yake hawa sama. Daga yau zan kira wannan shimfiɗa "yana", kamar yanar da ke kan kunu idan ya huce. Da dare na yi lissafi a takarda. A ce an yi ruwa milimita 10 a kan teku mai maki 35. Idan ya tsaya a santimita 10 na sama, gishirin wurin zai ragu da fiye da maki 3. Idan iska ta dama shi zuwa mita ɗaya, ragin 0.35 ne. Zuwa mita 5, ya zama 0.07. Ruwan guda ne, yawansa bai canja ba, amma amsar ta dogara da zurfin da mai awo ya tsoma hannu.

Talata, 8 ga Afrilu

Na so ƙwarai in yi aikin a mashigin tekun Gini, don shi ne namu. Yau na haƙura.

Taswirar tana nuna ruwa mai ƙarancin gishiri a lungun da ke tsakanin Neja Delta da Kamaru, kuma ruwan sama a can ba wasa ba ne, ƙauyen Debundscha da ke gindin dutsen Kamaru yana samun kusan milimita 10,000 a shekara. Sai dai Kwara tana zuba a wurin, da duk abin da Binuwai ta ƙara mata a Lakwaja, ga kogunan Kamaru, ga Kwango daga kudu mai zuba kimanin mita kubik 40,000 kowace daƙiƙa. Idan na ga gishiri ya ragu, na sama ne ko na kogi? Ga kuma matsalar gaɓa. Ƙasa ta fi teku haske nesa ba kusa ba a wannan zango, ko gefen idon eriyar ne ya taɓa ta, awon ya gurɓace, ya nuna ruwan daɗin da babu shi.

Na matsa yamma, can tsakiyar teku: daga ikwaita zuwa digiri 12 arewa, daga digiri 20 zuwa 40 yamma.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Zane na farko ya fito, kuma babu komai a cikinsa. Na sa ƙarfin ruwan sama a kwance, ragin gishiri a tsaye, ɗige-ɗigen suka watsu kamar an zubar da gero. Na kai wa Malam jikina a sanyaye.

Ya duba ya ce, "Wane fayil kika ɗauko?" Na ce, "Na kwana takwas, Malam, shi ya fi tsabta." Ya ajiye biro ya ce, "Yanar taki awa nawa ta yi a bokiti?" Nan na gane. Fayil ɗin kwana takwas matsakaici ne na duk wucewar da tauraron ya yi a kwanakin, abin da ya rayu awa uku ya narke a ciki. Da na koma na sake karanta bayanin fayil ɗin, sai na ga wanda na zaɓa ma irin wanda aka cire wa lokutan ruwan sama ne da gangan, don amfanin masu son gishirin ruwan da ke ƙasa. Na je neman abu a inda aka share shi.

Dole in koma ga fayilolin zagaye ɗai-ɗai, waɗanda kowane awo ke ɗauke da lokacinsa. Sun fi nauyi, sun fi hayaniya. Sauke su zai ci mini sauran watan.

Litinin, 19 ga Mayu

Da sababbin fayilolin ma zanen bai gamsar da ni ba. Akwai alamar gangara, amma a dusashe. Sai na daina kallon jimla, na ɗauki hadari guda ɗaya na bi shi hoto bayan hoto. Tabon ruwan daɗin da SMAP ya gani yana gabas da inda IMERG ya nuna ruwa. Na duba na biyu, haka. Na uku, haka. Kuskuren da ke kallon gefe guda kullum ba na teku ba ne, nawa ne.

Agogo ne. Lokacin da ke cikin fayilolin na duniya ne, wato na Girinwic, amma wani layi a manhajata yana mayar da na SMAP zuwa agogon Najeriya, wanda ke gaba da awa ɗaya. Ina haɗa gishirin yanzu da ruwan da zai sauka bayan awa guda, hadarin kuwa a wannan yanki yamma yake tafiya, ya riga ya bar wurin. Gyaran bai fi kalma biyu ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Alhamdu lillahi, layin ya gangara. Inda ruwa ya fi ƙarfi a daidai lokacin wucewar tauraron, nan gishiri ya fi raguwa, kuma ɗige-ɗigen sun taru a jikin layin yadda ko wanda bai san aikin ba zai gani. Jacqueline Boutin da abokan aikinta a Faris sun samu, da bayanan SMOS, ragin kimanin maki 0.2 ga kowane milimita ɗaya a awa. Nawa yana unguwar nan. Ba zan rubuta adadi ba sai na gama tace bayanan, don har yanzu yana motsi duk lokacin da na canja sharaɗi.

Wani abin da na lura: SMAP yana wucewa da misalin shida na safe da shida na yamma a agogon wurin, kuma awon safe ya fi kama ruwa. Ya dace da abin da aka sani, a kan tekun wurare masu zafi ruwa ya fi sauka da asuba. Mu a tudu mun saba hadari ya haɗo da la'asar, bayan ƙasa ta sha rana.

Talata, 24 ga Yuni

Wannan watan na Argo ne. Na'urori ne kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya, kowace kamar doguwar tukunyar gas. Tana shawagi a zurfin mita 1,000, duk kwana goma ta nutse zuwa mita 2,000, sannan ta taso tana auna zafi da gishiri, ta aika ta koma. Da su ake gwada gaskiyar tauraron. Amma da yawansu suna kashe famfo a wajen mita 5 kafin su fito, don kada dattin saman ruwa ya shiga ma'aunin.

A ranakun da ba ruwa, Argo da SMAP suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa. A lokacin ruwa suna rabuwa, SMAP ya faɗi, Argo ko gezau. Na ga rubuce-rubucen da ke kiran wannan tazara "kuskuren tauraro a lokacin ruwa", kuma kalmar ba ta yi mini ba. Wanda ya ɗanɗana zoɓo a saman bokiti da wanda ya zuƙo gishiri a gindinsa duk gaskiya suka faɗa. Ɗaya yana ba da labarin santimita ɗaya da aka shimfiɗa a kan fili mai faɗin kilomita 40, ɗayan yana ba da labarin wuri guda a zurfin mita 5. Wanda ya goge tazarar don lambobi su yi daidai, ya goge ainihin abin da ruwan sama ya yi wa teku. Na yarda mai nazarin tafiyar ruwan teku yana buƙatar gishirin ƙasa, kuma don irinsa aka yi tsarin RIM, wanda masu bincike a Jami'ar Central Florida suka fitar a 2014 domin lissafa abin da ruwan awannin baya ya bari a sama. A cire, amma a ajiye abin da aka cire, kada a zubar.

Na raba awon gida uku bisa ƙarfin iska, sai fankar Inna ta dawo. A iska mai laushi yanar tana nan awanni bayan ruwa ya ɗauke. A iska mai ƙarfi, da ƙyar nake samun sawunta ko da ruwan bai jima da tsayawa ba. Wannan shi ne abin da jiragen bincike suka gani da na'urorin da ake ja a fuskar ruwa a aikin SPURS-2, a gabashin Pasifik, tsakanin 2016 da 2017.

Alhamis, 17 ga Yuli

Shakku biyu suka hana ni barci a makon nan.

Na farko: ɗigon ruwa idan ya bugi teku yana yamutsa fuskarsa, yamutsattsen ruwa kuma ya fi haske a idon na'urar. Shi kansa ruwan da ke cikin iska yana ƙara ɗan haske idan ya yi ƙarfi. Duka biyun suna tura awo gefen da ruwan daɗi ke tura shi. Ke nan wani kaso na gangarar da na yi murna da ita a Mayu na iya zama na yamutsi. Dabarar da zan gwada ita ce in ware wuraren da aka yi ruwa rabin awa ko awa ɗaya da ta wuce, amma ya ɗauke kafin tauraron ya iso. A nan babu ɗigo, babu yamutsi, duk ragin da ya saura na gishiri ne. Irin waɗannan wurare kaɗan ne, don idon SMAP ya rufe murabba'an IMERG kusan goma, kuma dole dukansu su kasance a bushe.

Na biyu: na gudu daga Kwara na faɗa Amazon. Daga tsakiyar shekara, igiyar ruwan teku da ke gudu gabas a arewa da ikwaita tana kwaso ruwan Amazon ta kawo shi tsakiyar Atlantika, daidai lokacin da ɗamarar hadari ta hau wurin. Kogin da ke zuba kimanin mita kubik 200,000 a daƙiƙa ba a raina shi ko daga nesa. Na yanke yankina ya tsaya a digiri 30 yamma. Na kuma daina gwada kowane awo da matsakaicin wata, ina gwada shi da maƙwabtansa busassu na wannan zagayen. Ruwan kogi faffaɗa ne, a hankali yake canjawa, zai shafe su tare ya fita daga lissafi.

Talata, 12 ga Agusta

Tun asuba ake ruwa a nan, indararo yana zuba a randa, lungunmu ya cika. A taswirar IMERG ta jiya, ɗamarar hadarin ta miƙe daga kanmu har tsakiyar yankin da nake aunawa, wajen digiri 8 zuwa 10 arewa. A Maris tana kusa da ikwaita. Gungun hadarin da ke wucewa ta kanmu yamma suke nufa, wasunsu su fita teku ta gaɓar Senegal da Gini, su zuba a murabba'aina bayan 'yan kwanaki.

Malam ya ba ni wata maƙala ta 2016, ta Laifang Li da Raymond Schmitt da abokan aikinsu na cibiyar Woods Hole a Amurka. Sun nuna cewa idan gishirin Atlantika ta Arewa, can inda ruwa ke ƙafewa, ya yi yawa a watannin Maris zuwa Mayu, daminar Sahel takan yi kyau. Hujjarsu ita ce gishirin da ya ƙaru shaida ne cewa tururi ya tashi ya bar teku, wani kasonsa ya jiƙa ƙasar Afirka, damshin kuma ya taimaka wa damina. Aikina bai kai can ba, nawa na awanni ne, nasu na watanni. Amma duk wanda zai yi hasashen damina da gishirin da tauraro ya auna, sai ya iya bambance yanar safiya ɗaya da canjin da ya shiga jikin ruwa.

Gwajin wuraren da ruwa ya ɗauke ya ba da sakamako na farko: ragin yana nan, bai kai na lokacin da ake tsaka da ruwa ba. Ko yamutsin ne ya fita, ko iska ce ta fara damawa, bayanan tauraro kaɗai ba za su raba mini su ba. Don haka na koma ga PIRATA, jerin na'urorin da Faransa da Barazil da Amurka suka kafe da anga a wannan teku tun 1997. Suna da ma'aunin ruwan sama da na iska a kansu, da na gishiri a zurfin mita ɗaya, wato tsakanin santimitar SMAP da mita biyar na Argo. Guda biyu suna cikin yankina, a digiri 23 yamma, ɗaya a digiri 4 arewa, ɗaya a 12. Na cike buƙatar bayanansu na awa-awa daga 2015 zuwa bara. Kafin su sauka, zan fitar da jerin duk lokutan da SMAP ya wuce ta kansu cikin awa uku da yin ruwa, in kai wa Malam ranar Litinin.